Na'urar tuƙi ta san hanyar sauka, amma totur yana hannunka

Jama'a, ku dubi allon nan. Wannan Garmin G1000 ne, allon da ke gaban matuƙin jirgin sama, irin wanda ake samu a ƙananan jirage kamar Cessna 172 da Caravan. Waɗannan layuka biyu masu launin ruwan hoda su ne jagoran tuƙi. Ba su taɓa sitiyari, nuni kawai suke yi: ɗaga hanci, sauke hanci, karkata dama. In ka bi su da hannunka, kai ke tuƙi. In ka danna maɓallin AP, na'urar tuƙi mai tuƙa jirgi da kanta ce za ta bi su. Lissafin ɗaya ne, hannun ne ya bambanta.

To, mu tashi daga Garwa zuwa Ngaundare. Tsayin filin jirgin Garwa bai kai ƙafa 800 sama da teku ba, na Ngaundare kuwa ya haura 3,600, a kan tudun Adamawa. Hawa dole ne ke nan. A nan sababbin matuƙa ke son danna VS, maɓallin da ke riƙe saurin hawa, su ce jirgi ya riƙa hawa ƙafa 700 kowane minti. A watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, iska ta yi sakayau, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka. Ita na'urar ba ruwanta, an ce mata 700, sai ta yi ta ɗaga hanci, gudu yana raguwa, har fukafukai su kusa daina ɗaukar jirgin. Ni dai a hawa maɓallin FLC nake so. Shi gudu yake riƙewa, hawan kuma gwargwadon abin da inji ya iya.

Yanzu dawowa. Kana ƙafa 8,500, kana son ka iso kusa da Garwa a 1,800. Kowace ƙafa 1,000 ta sauka tana cin tafiyar kusan mil 3 na ruwa (ma'aunin nisa na matuƙa), wato sauka za ta fara tun kusan mil 20. VNV, tsarin da ke tsara sauka, zai yi maka wannan lissafi, ya sa alamar TOD, wato inda sauka za ta fara, a taswira. Sai dai fa, in ba ka murɗa tsayin da ka zaɓa wa na'urar zuwa ƙasa ba, jirgi zai wuce alamar abinsa yana miƙe.

Kuma yawancin ƙananan jirage ba su da na'urar rage totur. Hanci ya sauka, gudu ya ƙaru, kai za ka ja totur baya.

Bayan kowane maɓalli, ɗaga ido zuwa saman allo. Rubutun kore shi ke aiki yanzu, fari yana jiran lokacinsa. Ranar da hazon hunturu ya rufe kogin Binuwai, ba ka ganin ƙasa, wannan rubutun ne zai gaya maka ko jirgi ya kama hanyar sauka. Kafin nan, karɓi adadin matsin iska daga hasumiyar filin jirgi ka sa a ma'aunin tsayi, don da shi VNV yake lissafi.