Sharhi: Kuɗin Zanen Bango Na Nan, Amma Masu Zanenmu Ba Su Gani

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, yau sharhinmu kan masu zane ne, irin waɗanda ke ƙawata bangon makaranta da shataletale da ƙofar kasuwa, da kuma tallafin da ya kamata ya riƙa isa hannunsu.

A Faransa tun 1951 akwai doka, duk ginin gwamnati da za a yi, musamman makarantu, sai an ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin aikin an ba mai zane ko mai sassaƙa ya yi wani abu a wurin. Birnin New York a Amurka ma ya yi irin wannan doka a 1982. Toh ku duba gadojin sama da aka zuba wa biliyoyi a Kano da Kaduna, da ace an cire wannan kashi ɗayan ai da yaran da suka gama karatun zane a ABU Zariya sun samu aikin shekara guda cur, amma me muke gani a jikin gadojin, fostocin 'yan siyasa ne ɗaya kan ɗaya sai tallan maganin basir.

Tallafi daga waje kuwa akwai shi. Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan na ba matasan masu fasaha 100 Yuro 5,000 kowanne a shekara, kuma 'yan Najeriya da Nijar na iya nema. Cibiyoyin raya al'adu irin su Goethe ta Jamus da British Council ta Birtaniya su ma sukan fitar da sanarwa lokaci zuwa lokaci. Matsalar dai ɗaya ce, wanda ya iya zanen ba lallai ya iya cike fom a intanet ba, za a ce ya turo hotunan ayyukansa na baya da kasafin kuɗi da takardar izinin mai bango, shi kuwa mutumin da ya shekara 20 yana zana dawisu a bayan manyan motoci ko hoton aikinsa ɗaya bai ajiye ba, motar ta tafi Agadas da zanen. Dan Allah masu zane ku riƙa ɗaukar aikinku a waya kafin ku miƙa, ku rubuta wuri da shekara, ku saka kuɗin fenti da tsani da ladan yaran aiki a lissafi, har da ladanku, kar kunya ta hana ku.

Wasu za su ce ai gumaka ake son kafa mana. Wa ya ce sai gunki? Muna da dagi, muna da zayyana irin ta allo, muna da adon ginin ƙasa irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun wajen 1830.

Sai dai duk mai bada tallafin ya fara tuntuɓar mutanen unguwa, a kuma rubuta wa zai kula da aikin bayan an gama. Shataletalen gidan gwamnatin Kano da aka gina a 2017 don bikin cikar jihar shekara 50, a 2023 aka rushe shi cikin dare ɗaya, kuɗin jama'a ne suka bi ƙura. 'Yan majalisun jihohi, ƙudirin kashi ɗaya ɗin nan bai fi shafi biyu ba, muna jiran wanda zai fara gabatar da shi.