Kayan Rusau a Legas: Takardar Izini da Abin da Ya Dace a Mayar Cikin Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabanni, dattawa, da 'yan uwa masu sana'ar gwangwan da na gini, ina godiya da wannan gayyata. Maganar da aka ɗora mini ita ce ta kayan da ake fitarwa daga ginin da aka rushe, da yadda dokar Jihar Legas ta shafi mai saye da mai sayarwa.

Zan fara da doka, domin a nan ne mutanenmu suka fi shiga matsala. Dokar tsara birane ta jihar, wadda aka yi a shekarar 2010, ita ce ta kafa hukumar LASPPPA mai bayar da izinin gini, da kuma LASBCA mai sa ido a kan yadda ake ginin da lafiyarsa. Ko da gida na mutum ne, gadonsa ne, ba shi da ikon kawo katafila ya rushe shi sai ya karɓi izinin rusau. Saboda haka idan ɗan kwangila ya kira ka ya ce akwai gida a Mushin ko Ebute Metta da za ka saye kayansa tun yana tsaye, kafin a yi maganar kuɗi ka ce ya nuna maka takarda, ka duba adireshin da ke jikinta ko shi ne na gidan, ka ɗauki hotonta a wayarka. Ranar da jami'ai suka zo rufe wurin, ko wani magaji ya fito ya ce bai san da cinikin ba, mai gida yana can nesa, yaronka ne za a tarar riƙe da guduma. Ku tuna da Ilojo Bar, tsohon ginin nan na kusa da dandalin Tinubu, wanda yake cikin jerin kayan tarihi na ƙasa amma aka rushe shi a 2016: akwai gidajen da doka ta hana a taɓa, komai kyan katakonsu.

Kayan da ke fitowa daga rusau ba darajarsu ɗaya ba. Ƙofofi, tagogi, bututu, kwanon rufi da tayil, idan an cire su a hankali kafin inji ya shiga, ana sake amfani da su ba tare da wata fargaba ba. Katakon iroko da na maɗaci da ake samu a tsofaffin gidajen tsibirin Legas sau da yawa ya fi sabon da ke kasuwa, domin ya shekara da shekaru yana bushewa. Ɓaraguzan bulo da kankare kuwa suna da kasuwa a garin da rabinsa fadama ce, ana ciko da su, ana daɓe hanya da su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a juye su cikin magudanar ruwa da dare don gudun kuɗin tifa. LAWMA ce ke da alhakin shara a jihar, har da ta gini, kuma wanda ya toshe kwata da rani, unguwarsa ce za ta fara cika da ruwa a watan Yuni.

Inda nake so mu daɗe shi ne rodi. Na san yadda ake yi: a fasa kankare, a zaro rodin, a miƙar da shi da guduma, a kankare tsatsar, wani lokaci a shafa masa baƙin mai, sannan a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi da ke son zuba dakin, wato rufin kankare. A ido ya yi kyau, amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙarwa ya riga ya raunana a wurin lanƙwasar, tsatsa ta rage masa kauri, kuma iskar gishiri ta bakin teku tana hanzarta wannan tsatsar. Idan ginin gobara ce ta ci shi, raunin ya ƙaru. Babu birkilan da zai gane wannan da hannu, sai an kai ɗakin gwajin kayan gini, kuma jihar tana da nata. Mun ga abin da ya faru a Ita Faji a watan Maris na 2019, inda bene ya rufta da 'yan makaranta, da kuma bene mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40. Ban ce tsohon rodi ne ya jawo su ba, amma tun daga nan hukuma ta ƙara tsananta bincike a kan abin da ake sakawa cikin ginshiƙi. A ganina tsohon rodi wurinsa kilo ne: a auna shi a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin, a loda shi zuwa masana'antun narka ƙarfe na wajen Ikorodu, ya dawo sabo. Wanda ya nace sai ya yi amfani da shi, to, ya tsaya ga shinge, ko raga ta taga, ko murfin kwata, inda ba ya ɗauke da nauyin mutane.

Saura rufin asbesto, farin nan mai kama da siminti da ke kan gidaje da makarantun da. Ƙurarsa tana jawo ciwon daji na huhu, kuma cutar kan ɗauki shekaru 20 ko fiye kafin ta bayyana, shi ya sa yaranmu suke raina shi. Kada a fasa shi, kada a yanka shi da inji. A jiƙa shi da ruwa, a kwance shi ɗaya bayan ɗaya, mai aikin ya sa takunkumi na gaske, a ware shi daga ɓaraguzan da za a kai ciko. Masu gida, wato ku da kuke ɗaukar yaran nan aiki, kuɗin takunkumi da safar hannu da hular kwano ku lissafa shi cikin farashin da za ku taya tun kafin a sallama muku ginin.