Shafin Sirri: Abin da Za Ka Gaya wa Baƙonka Kafin Ka Ci Kuɗin Talla

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka daga nan Sakkwato.

Kwanan baya wani ƙanena da ke Mabera ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, duba mini, na gama komi, talla kaɗai nika jira." Shafi ne ya buɗe yana sa farashin albasa da gero daga kasuwannin Illela da Achida, kuma wallahi aikin ya yi kyau. Na gangara can ƙasa na danna shafin sirri, wato shafin da ke gaya wa mai karatu bayanan da ake karɓa a kansa da abin da ake yi da su. Abin da na tarar: sunan wani kamfanin takalma na Amurka, da adireshinsu, har da alkawarin karɓar kaya idan an dawo da su cikin kwana 30. Kwafowa ya yi, ko karantawa bai yi ba. Abin ya dame ni, don yaro ne mai ƙwazo, kuma irinsa suna da yawa.

To, me ya haɗa talla da sirri?

Duk wanda ya taɓa shiga Kara, kasuwar dabbobi, ya ga yadda ake shafa wa rago fenti a gadon baya don a gane shi cikin garke. Haka kuki yake. Ɗan ƙaramin rubutu ne da ake ajiyewa a cikin burauzar mai karatu. Da zarar ka liƙa lambar AdSense, wato tsarin tallan Google da ke biyan masu shafi, a shafinka, ba kai kaɗai ke karɓar baƙo ba. Google da abokan tallansa suna nan a zauren tare da kai. Suna sa alamar, suna ganin lambar adireshin intanet ta baƙon, da irin wayarsa. Shi ya sa wanda ya nemi farashin babur jiya, yau zai zo duba farashin gero a wurinka ya tarar da tallan babur yana jiransa. Kai ka buɗe musu ƙofa, kuma kai ake biya. Saboda haka kai ne za ka gaya wa baƙon.

Sharaɗin Google a bayyane yake. Dole shafinka ya faɗi cewa wasu kamfanoni, har da Google, suna amfani da kuki wajen nuna talla bisa ziyarar da mutum ya kai shafinka ko wasu shafukan a baya. Dole ka sanar da shi cewa yana da ikon kashe tallan da ake daidaitawa da ɗabi'arsa, ka nuna masa hanyar: saitin talla na Google, ko shafin aboutads.info. In kana aiki da wasu kamfanonin talla ban da Google, su ma ka ambace su, ka sa mahaɗin shafinsu. Saɓa wannan na iya jawo a tsayar maka da talla ko a rufe asusun, alhali kana ta lissafin ranar da za ka cika dala 100 ɗin da ake fara biya.

Amma kar ka ɗauka don Google kaɗai ake yi. A nan gida akwai doka. Tun a tsarin mulkin 1999, sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Nan ne nake so ku kasa kunne sosai.

Dokar tana so wanda kake karɓar bayanansa ya san ko kai waye, da yadda zai same ka. Ya san me kake karɓa, don me, wa kake bai wa, kuma har yaushe za ka riƙe. Ya san yana da haƙƙin ya ga abin da ka tara a kansa, ya sa ka gyara, ko ka goge, kuma yana iya kai ƙararka gaban hukumar. Akwai wani wuri da ya fi burge ni: dokar ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne. Mu da muka saba cewa "shiru ma amsa ce", a nan ba amsa ba ce. Kuma yadda ya amince cikin sauƙi, haka zai janye cikin sauƙi.

Tarar karya dokar fa? Ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manya, naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Wani zai ce, "Ni ina Runjin Sambo, ina ruwana da Turai?" Ruwanka shi ne Basakkwacen da ke karatu a Ingila ko Jamus, wanda ke buɗe shafinka don jin labarin gida. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ran 25 ga Mayun 2018, kuma daga 16 ga Janairun 2024 Google ya wajabta wa masu shafi amfani da akwatin neman izini da ya tantance kafin a nuna wa masu karatu na can da na Birtaniya tallan da ya dace da ɗabi'arsu. Akwatin yana cikin asusunka na AdSense, a sashen sirri da saƙonni. Kunna shi za ka yi.

Sai yara. A dokarmu, wanda bai kai shekara 18 ba sai da izinin iyaye ko waliyyi. Masu shafukan jarrabawa da neman gurbin karatu, ku kula da wannan.

Ga abin da muka yi da ƙanen nawa. Muka zauna da biro da takarda, na ce ya lissafo duk abin da ke karɓar bayani a shafinsa. Ya ce talla. Na ce sai me? Ya tuna Google Analytics, mai ƙirga masu ziyartar shafi. Sai me? Akwatin da 'yan kasuwa ke barin suna da lambar waya don a sa su a zauren WhatsApp. Lambobi kusan cikin littafi guda, kuma takardar da ya kwafo ba ta san da zamansu ba. Waɗannan ukun ya rubuta, kowanne da dalilinsa, da wanda ke gani, da yadda mutum zai ce a cire shi. Ya rubuta da Turanci, ya kuma rubuta da Hausa, don dillalin albasar da ya ba shi lambarsa Hausa yake karantawa. Ya sa imel ɗin da yake dubawa kullum, ya sa kwanan watan da ya gyara, sannan ya ajiye mahaɗin a ƙasan kowane shafi, inda babban yatsa zai same shi ba tare da nema ba.