Amsoshin Tambayoyinku: Kaluluwa, Ƙyanda da Garkuwar Jiki

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙu uku na zaɓo yau, domin duk jijiyarsu ɗaya ce.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Rijiyar Lemo. Ta ce ɗanta ya yi tuntuɓe, yatsan ya ruru, bayan kwana biyu sai ga kaluluwa a matsematsinsa. Tana tambaya, me ya haɗa ciwon yatsa da kaluluwar da ta fito can sama?

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Garkuwar jiki iri biyu ce: akwai wadda aka haife mu da ita, akwai wadda jiki ke koya a hankali. Ta haihuwa ita ce fata, wadda take mana kamar yadda badala ta kasance wa birnin nan namu na Kano, sai majina, da hawaye, da ruwan ciki mai tsami da ke kashe ƙwayoyin cuta. Idan fata ta tsage cuta ta kutsa, cikin sa'o'i kaɗan wasu fararen ƙwayoyin jini za su yi dafifi a wurin suna haɗiye duk baƙon da suka tarar. Kumburi da zafi da zugin da yaro ya ji, aikinsu ne. Mugunyar da kika gani kuwa, akasarinta gawarwakinsu ne. Suna da sauri, amma kamar 'yan sintirin unguwa suke: sun san ɓarawo ya shigo, ba su riƙe fuskarsa. Gobe ya dawo, sabo ne a wurinsu.

To, a cikin 'yan sintirin nan akwai 'yan aike. Wani masani mai suna Ralf Staiman ne ya gano su a 1973, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2011. Su aikinsu su yagi wani yanki na ƙwayar cutar, su bi magudanan ruwan jiki su kai shi wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke matsematsi da hammata da wuya. A can ƙwayoyin garkuwar koyo ke jira, waɗanda likitoci ke kira B da T. Duka biyun daga ɓargo suke fitowa, amma T sai sun je sun yi tarbiyya a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos, inda ake kawar da duk wanda zai iya juyowa ya yaƙi jikin mai shi.

Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne wannan. Jiki ba ya jira sai ya ga cuta kafin ya ƙera makaminta. Yana da miliyoyin ƙwayoyin B da T, kowace da irin abin da take ganewa, kamar tarin 'ya'yan makulli da kowanne kwaɗo ɗaya tak yake buɗewa. Ɗan aike na zagawa da abin da ya yago, har ya dace da wadda ta gane shi. Nan take wannan ɗayar za ta shiga hayayyafa, ta zama dubbai. Cunkoson nan ne ke kumbura wurin, shi ne kaluluwa. Daga nan B su riƙa zubo antibodi cikin jini, wato wasu sinadarai da ke manne wa cutar, su yi mata shaida ta yadda 'yan sintirin farko za su cinye ta cikin sauƙi. Wasu T su kashe ƙwayoyin jikin da bairos, wato wata irin ƙwayar cuta 'yar mitsitsiya, ya ɓuya a ciki, wasu kuma su ne masu ba da umarni. Waɗannan masu umarnin, CD4, su ƙanjamau ke karyawa, shi ya sa mai ita ƙaramar cuta ke kayar da shi idan ba ya shan magani. Kin ga kenan ta haihuwa ce ke tashin ta koyo, ita kuma ta koyo ta dawo ta ƙara mata ƙarfi.

Sai dai don Allah kada a yi wa kaluluwa sakiya. A wanke ciwon yatsan, a kai shi a duba. In kaluluwa ta haura sati biyu zuwa uku ba ta saɓe ba, ko tana ƙara girma, ko ga rama da gumin dare, a nufi asibiti.

Wani malamin makaranta daga Fagge ya ce, me ya sa ƙyanda sau ɗaya ake yi, mura kuwa duk hunturu sai ta dawo? Malam, bayan an ci yaƙi, wasu daga cikin B da T ba sa mutuwa, suna zama masu tuni shekara da shekaru. Karon farko jiki kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu kafin ya shirya. Karo na biyu kafin ka ji komai an gama. Bairos ɗin ƙyanda ba ya sauya kama sosai. Na mura kuwa sun fi iri 100, wanda ya kama ka bana ba lallai shi ne na bara ba.

Wannan tunin shi ne sirrin rigakafi: a nuna wa jiki fuskar cuta ba tare da an bar ta ta yi ɓarna ba. Edwad Jena ya gwada haka a Ingila a 1796 da aganar shanu, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewar agana a doron ƙasa. Mu a Kano ba mu manta da mashaƙon 2023 ba. Mafi yawan yaran da ya kwantar ba su kammala allurarsu ba, kuma har yau abin na cina.

Ta ƙarshe wata kaka ce daga Gwale, ta ce surukarta ta ƙi zubar da dakashi, sannan me ya sa sai wata 9 ake allurar ƙyanda? Inna, surukarki ta yi daidai, a bar jariri ya sha. Dakashi cike yake da antibodin uwa da ke lulluɓe hanjinsa. Tun yana ciki ma uwa ta ba shi wasu ta mabiyiya. Amma wannan garkuwar aro ce, babu tuni a cikinta, tana ƙarewa cikin watanni. Idan aka yi allurar da wuri, na uwar za su kama ta kafin jikin yaro ya koyi komai, shi ya sa ake jira su ragu. Ki duba katinsa, Inna, in watan ya kama ki raka su da kanki, kuma a koma a karɓi ta biyu idan ya kai wata 15.