Goge jirgin ruwa a Hamble: aikin inji da aikin hannu

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ina magana da ku daga bakin kogin Hamble, kusa da Southampton a kudancin Ingila, inda ake fito da jiragen ruwa na shaƙatawa a jera su a kan tudu lokacin hunturu, sannan a duƙufa ga gyaransu a watannin Maris da Afrilu kafin a mayar da su ruwa. Da yawa daga cikinku sun tambaye ni ko injin gogewa ya fi hannu, kuma amsar tana rataye ne a kan fahimtar abin da ake gogewa.

Jirgin da ke bayana da faibagilas aka ƙera shi, wato zaren gilashi da aka haɗa da roba, kuma wannan shuɗin da kuke gani ba fenti ba ne. Wani shafi ne na roba mai tauri da ake kira jelkot, wanda kaurinsa bai wuce kimanin rabin milimita ba. Rana da gishirin teku suna cin samansa a hankali har ya dusashe. Ku duba tafin hannuna bayan na shafa gefen jirgin: ya yi fari kamar na taɓa alli. Wannan gari shi ne mataccen saman jelkot, kuma jirage masu launi mai duhu, irin shuɗi da ja, sun fi saurin nuna shi. Duk wanda ya shafa kaki a kan wannan gari ya yi asarar kakinsa, domin ƙyallin zai gushe cikin ɗan lokaci kaɗan.

Saboda haka aikin kashi biyu ne, wato kankare mataccen saman, sannan rufe sabon da ya bayyana. A kashi na farko ba na ganin hannu zai iya ja da inji. Injin da ke juyawa kai tsaye, wanda aka ɗaura wa faifan ulu aka ɗiga masa man kankara, yana cire dusashewar da mutum zai wuni yana dirza da tsumma bai kai rabinta ba. Ina riƙe shi a tsakanin juyi 1,000 zuwa 1,500 a minti, ina ɗaukar wuri kaɗan kamar faɗin kamu ɗaya, ina tafiya da shi a kwance sannan a tsaye, ba tare da na bar shi ya tsaya wuri guda ba. Idan ya tsaya, zafi yana taruwa, jelkot ya ƙone, a wasu lokutan ma zaren faibagilas ya leƙo, kuma daga nan magana ta tashi daga gogewa ta koma faci. Ga sabon shiga, injin da ke juyawa yana kuma karkarwa a lokaci guda ya fi aminci, ko da yake yana da nawa, domin ba ya tara zafi sosai kuma ba ya barin zanen da'ira a jikin jirgin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu jirage suke neman a sa musu inji da man kankara mai kaushi kowace shekara. Kowane zagaye yana rage kaurin jelkot, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Jirgin da ake wankewa da ruwan daɗi ana shafa masa kaki a kan kari ba ya bukatar irin wannan kankara sai can ba a rasa ba.

Yanzu ku matso ku ga wannan kusurwa, inda gefen jirgin ya haɗu da bene, wato saman jirgin da ake takawa. A irin wannan wuri jelkot ya fi saurin cinyewa, saboda duk nauyin faifan yana sauka a kan tsini guda. Nan nakan liƙa tef, in ajiye inji, in ɗauki tsumma. Haka nan kewayen ƙarafan ɗaure igiya, da gefen tagogi, da kusa da harrufan sunan jirgin da aka manna, waɗanda inji zai iya ɗaye su. Yatsa yana jin inda wuri ya yi santsi da inda yake da sauran kaushi tun kafin ido ya gani.

Shafa kaki kuwa da hannu nake yi. Wani kakin da ake sayarwa a nan yana ɗauke da karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino da ke arewa maso gabashin Brazil. Ana shafa shi siriri da soso mai laushi, a cikin inuwa, a bar shi ya yi hazo, sannan a share da tsumma mai tsabta. Yawan lafta shi ba ya ƙara kariya, sai dai ya ƙara wahalar sharewa. Ba a shafa shi a benen da ake takawa, domin idan ya jiƙe zai iya kayar da mutum cikin ruwa, kuma ba a kai shi ƙasan layin ruwa, inda akwai fentin da ke hana gansakuka da ƙananan halittun teku mannewa.

Wannan gefen na kammala kankare shi, saura kaki. Bari in zagaya da kyamara zuwa ɗaya gefen da ban taɓa ba, ku kwatanta launin biyu da idonku.