Ba Kowane "To" Ba Ne Amincewa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Minti goma aka ba ni, kuma na hango sakatare yana duba agogo tun ban buɗe baki ba, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Da yawanmu a zauren nan muna saro kaya daga wata ƙasa mu kai wata, wasu kuma suna aiki a kamfanonin da Ba'indiye da Bajamushe da ɗan Sin ke zama a teburi guda. Abin da na lura shi ne, ba rashin jin harshe ne ya fi ɓata ciniki ba. Akwai tafinta, yanzu ma waya tana fassara. Abin da ke ɓata shi shi ne a ji kalma ɗaya, kowa ya auna ta da nasa ma'aunin.

Ku ɗauki Japan. Kana bayani, abokin cinikinka yana gyaɗa kai yana cewa "hai, hai", ka koma masauki kana murna an ƙulla magana. Alhali sau da yawa "ina jin ka" kawai yake nufi. In kuwa ya ja numfashi ya ce abin zai yi ɗan wuya, to ya ƙi ke nan, sai dai ya ƙi ta yadda ba za ka ji kunya ba. Mutumin Holan kuma zai dubi tsabar idonka a gaban jama'a ya ce farashinka bai yi ba, sannan ya miƙo maka hannu da fara'a. Sai ka kira na farko mayaudari, na biyu mara kunya, alhali kowannensu girmama ka yake yi irin na gidansu. Wani masani ɗan Amurka, Edward Hall, ya bayyana wannan tun 1976: wasu al'ummai suna zuba dukan saƙonsu cikin kalma, wasu kuma suna barin rabinsa a cikin shiru, da murya, da wanda ke zaune a wurin.

Kada ku ɗauka ƙaramin ɗan kasuwa kaɗai ke yin wannan tuntuɓe. Walmart, katafaren kamfanin kantunan nan na Amurka, ya shiga Jamus a 1997 da kuɗi kamar ƙasa. Ya umarci ma'aikata su riƙa yi wa kowane mai saye murmushi, su cusa masa kaya a jaka. A Amurka wannan kyautatawa ce. Bajamushe kuwa ya saba shirya kayansa da hannunsa, kuma murmushin wanda bai san shi ba ɗaure masa kai yake yi, har wasu maza suka zaci son su ake yi. Aka ce ma'aikata su riƙa rera kirarin kamfani da safe, abin ya yi musu banbaraƙwai. Aka kawo dokar hana soyayya tsakanin ma'aikata, kotun Jamus ta yi watsi da ita. Ba na ce al'ada kaɗai ce ta kayar da su ba, don kantunan Jamus irin su Aldi da Lidl sun riga sun kama kasuwar araha. Amma a 2006 Walmart ya sayar wa kamfanin Metro na Jamus kantunansa 85, ya tattara ya tafi da asarar kusan dala biliyan 1. Kamfanin da ke da lauyoyi da masu ba da shawara jibgi guda ke nan, balle ni da kai.

Kyauta ma ana taka ta da hankali. A Sin sai an san juna, an yi ta zama tare, kafin a kai ga takarda. Amma kada ka ba su agogon bango, domin a harshensu furucin ya yi kama da raka gawa. A Amurka akwai dokar 1977 da ta haramta ba jami'an wata ƙasa toshiyar baki, Birtaniya ma ta yi tata a 2010. In ma'aikacin kamfani ya mayar maka da tsarabarka, ba raini ba ne, aikinsa yake tsoron rasawa.

Sai lokaci. Saudiyya tana hutu Juma'a da Asabar, Daular Larabawa kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun 2022. In Ba'amurke ya rubuta 03/04, 4 ga Maris yake nufi, ga Baturen Ingila kuma 3 ga Afrilu ce. Wata guda cur tsakani, kaya na tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya na hawa.

Ga roƙona ga shugabanni. A cikinmu akwai waɗanda suka shekara ashirin suna hulɗa da Sinawa, da Turkawa, da Larabawa. A rubuta sunayensu da ƙasar da kowa ya sani, domin matashin da zai sa hannu a kwangilarsa ta farko ya samu wanda zai kira tukuna. Ku kuma ƙannena, in an tashi daga zaman ciniki, ku aika saƙo a ranar: kaya kaza, kuɗi kaza, rana kaza, a rubuta sunan wata da harafi, sannan ku tambaya, "Haka muka yi?" Takardar sunayen tana wurin sakatare, a cika kafin a watse.

Na gode. Wassalamu alaikum.