Hirar Gindin Darbejiya: Digirin Gulma

Auwalu: Jama'a, barkanmu da yamma daga Birnin Kudu. Yau maganar ƙanin Ladidi ce, wadda ta hana guruf ɗinmu barci.

Ladidi: Yaro ya kafe antoropoloji zai cike a JAMB. Baba ya ce a faɗa masa da Hausa, ya ce nazarin mutane da al'adunsu. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Au, gulma?"

Habu: Digirin gulma! Ai da tuni Inna ta gidanmu farfesa ce. Daga kan tabarmarta ta san wanda ya sayar da akuya a ɓoye, ta san amaryar da ba ta iya tuwo ba.

Ladidi: Yaya Habu, za ta ji fa.

Habu: Ta riga ta ji! Kafin mu ɗora shirin nan ta kammala bincikenta, har da sakamako.

Auwalu: A dawo kan kuɗi, don Allah.

Habu: To, abin da yaron bai lissafa ba shi ne hanya. Kwas ɗin da sunansa sai ka nausa. A Maiduguri an haɗa shi da soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, haka a Nsukka. A Ibadan kuma da ilimin tono kayan tarihi yake tafe. Kuɗin makaranta ba shi ke karya uba ba, kuɗin mota ne, da ɗaki, da abinci shekara huɗu. Wanda ya yi soshiyoloji a Dutse ko Bayero, ran Juma'a ya hau mota ya zo ya ɗebi gero da ƙuli-ƙuli. Na Ibadan fa? Sai dai a kai bijimi kasuwar Maigatari.

Ladidi: Ai akwai bashin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, tun 2024. Suna biyan kuɗin makaranta, ga dubu 20 duk wata, babu ruwa a kai.

Habu: Bashi hanji ne, Ladidi. Shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara nemansa. Da wane albashi?

Ladidi: Kai ma ka san kwas ɗin yana da amfani. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, allura ce ta yi ƙaranci? Mutane ne ba a fahimta ba. Ƙungiyoyin lafiya irin waɗannan suke ɗauka, masu iya zama a zaure su saurara.

Habu: Wannan na yarda. Kuma abin da ke ba ni haushi ke nan. Baturiya Polly Hill, mai irin wannan nazarin, ta zauna Batagarawa, ta dawo Ɗorayi tana ƙirga gonaki da magidanta, duniya na karanta mu ta bakinta. Ga zanen dutse nan bayan garinmu, yaranmu nawa suka taɓa leƙawa? Amma guraben aikin ƙalilan ne, kuma yawanci sai da digiri na biyu. In ɗana ne, ya yi na farko a kusa da gida, ya ajiye kuɗin bijimin don na biyun.

Auwalu: Wato shawararmu ita ce…

Habu: Ko a tura shi wajen Inna, wata uku, kyauta, har da fura.

Ladidi: Wallahi sai na faɗa mata.

Auwalu: An kira magariba, batir ma ya yi ja. Sauran lissafin sai mako mai zuwa. Habu, miƙo min butar nan.